Wasan Kirsimeti Da Sashen Da Ba A Nunawa

A yawancin ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa, daga Wusasa da Malumfashi har Jos da Maraɗi, ba a cika yin Kirsimeti ba tare da wasan kwaikwayo na haihuwar Ubangiji ba. Da zarar an shiga Disamba, sai malamin makarantar Lahadi ya tara yara da yamma, ya raba musu aiki: wannan Yusufu, wannan Maryamu, waɗannan makiyaya, ƙananan kuma tumaki. Wasan ba shi da rubutaccen littafi. Yaran bana suna koyonsa ne daga abin da suka ga yayyensu sun yi bara. Duk da haka, da wuya a sami wa'azin da ya zauna a zukatan masu bi kamar wannan wasa, gama mutum yakan manta da abin da fasto ya faɗa kafin sabuwar shekara ta kama, amma har tsufansa ba ya manta da shekarar da aka naɗa masa rawanin Hirudus. Abin da yake koyar da jama'a da yawa haka ya isa a zauna a duba shi, a ga abin da ya riƙe daidai, da abin da ya ƙara, da abin da ya zubar a hanya.

Abin Da Wasan Ya Iya

Sai a fara da yabo, domin wasan ya cancanci yabo. Ya ɗauko labarin Baitalami ya kawo shi gida. Ma'aikacin ƙidaya na Kaisar Augustas yana magana kamar mai karɓar haraji, sojojin Roma suna tafiya kamar dogarai, makiyaya sun rataya sanda a kafaɗa sun sa malfa kamar Fulanin daji, mala'ika kuma ya yafa farin zanen gadon da aka aro daga gidan fasto. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, amma shekaru da yawa bayan haka akwai tsofaffi cikin ikilisiya da ba su iya karanta shi ba. Irin waɗannan sun ga sura ta biyu ta Luka da idonsu a gaban majami'a, jikokinsu ne kuwa suka nuna musu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma wasan ya yi ƙari a kan abin da aka rubuta. Mai masaukin nan mai faɗa, wanda yake korar Yusufu da tsawa har jama'a su fashe da dariya, ba ya cikin Luka. Luka ya nuna dai ba a sami wuri a masauki ba, sai aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Matiyu bai kira masana taurarin nan sarakuna ba, bai kuma ce su uku ne ba. Kyautai ne ya lasafta uku, wato zinariya da lubban da mur. Ya kuma nuna a cikin gida suka sami yaron, umarnin Hirudus game da 'yan shekara biyu zuwa ƙasa kuwa yana nuna an daɗe da daren haihuwar. Wasan ya haɗa dare biyu ya mai da su ɗaya, ya jera makiyaya da masana taurari a gaban komi guda.

Haɗa su ba zunubi ba ne, tun da masu zane a Turai sun daɗe suna yin haka. Abin dubawa shi ne sakamakon haɗin. Makiyayan da Luka ya ba da labarinsu sun zo hannu rabbana, suka ga yaron, suka koma suna yabon Allah. Kwana arba'in bayan haihuwar, da aka kai shi Haikali, hadayar da iyayensa suka miƙa ita ce tsuntsaye biyu, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Wato gidan matalauta ne. A wasan kuwa, makiyaya sukan matsa gefe domin masu manyan riguna su shigo da kwalaye naɗe da takarda mai ƙyalli, a yi tafi, a rera waƙa, a ja labule. Abu na ƙarshe da yaro ya gani kafin ya fita shi ne kaya masu tsada a gaban jariri. Matiyu bai tsaya nan ba. Daga aya 13 zuwa 18 ta sura ta biyu akwai mafarkin gargaɗi, da tashi cikin dare, da hanyar Masar, da kukan iyaye mata a Baitalami. A wurare da yawa wannan sashe ba ya hawa dandamali. Hirudus kuwa, wanda ya sa aka kashe 'ya'yan mutane, shi ne ya zama mai ba jama'a dariya.

Daga Majami'a Zuwa Kasuwa

Wanda ya tashi yana ganin labarin Kirsimeti yana ƙarewa da kyautai, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana auna bikin da abin da aka saya. Kasuwa ta sami ƙofa a buɗe. Tun kafin Disamba ta kai rabi, farashin shinkafa da kaza da akuya ya hau, teloli suna kwana a kan keke, ƙungiyoyi sun fitar da anko, kuɗin mota daga Sabon Garin Kano ko Kaduna zuwa ƙauye ya ninka. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu 2023, tafiya gida da iyali ta ƙara fin ƙarfin ma'aikata da yawa. Ga kuma Baba Kirsimeti da jar riga da gemun auduga a manyan kantuna da gidajen talabijin, inda sai an biya kuɗin shiga kafin yaro ya karɓi kyauta. Asalin wannan mutum shi ne Nikolas, bishop na Mira a ƙarni na huɗu, a ƙasar da ake kira Turkiyya yau, wanda ake tunawa da shi saboda taimakon da ya yi wa matalauta a ɓoye. Tallan kamfanin Coca-Cola daga 1931 ya taimaka wajen baza siffarsa ta yanzu a duniya. Mai bayarwa a ɓoye ya koma mai karɓar kuɗin ƙofa.

Gardama a kan wannan biki tsohuwa ce. Shaida mafi daɗewa ta kiyaye 25 ga Disamba ta fito ne daga Roma a shekara ta 336. A 1647 majalisar Ingila ta hana bikin ɗungum saboda shaye-shaye da almubazzaranci, sai a 1660 aka maido da shi. Katin gaisuwar Kirsimeti na farko da aka buga domin sayarwa ya fito a Landan a 1843. Saboda haka faston da yake tsayawa kowace shekara yana tsawata wa jama'a a kan sayen kaya yana da magabata, yana kuma da gaskiya a wani ɓangare. Hausawa sun ce Salla ta wuce ta bar wawa da bashi, maganar nan kuwa ba ta san addini ba. Janairu yakan iske magidanci da kuɗin makaranta a gabansa, ga mai shinkafa yana sallama a ƙofa.

Sai dai wa'azin nan sau da yawa yakan bar jaki ya dinga dukan taiki. Mata da yara ne suke shan faɗa a kan zane da takalmi, alhali a gidaje da yawa rigar Kirsimeti ita kaɗai ce sabuwar rigar da yaro zai gani a shekara. Ba a cika jin an taɓa cinikin da ikilisiya kanta take yi a wannan lokaci ba: ambulan na musamman, da gwanjon baikon kaka inda ake kiran sunan mai bayarwa da adadin kuɗinsa da ƙarfi, da ankon da dole kowa ya saya ko a gan shi dabam a cikin layi. Gwauruwar da ta zauna a kujerar baya domin ba ta da zanen ƙungiya, cikin ɗakin sujada ta ji kunyar, ba ta ko kai kasuwa ba.

Shi ya sa zuciyar masu bi da yawa take rabuwa biyu in Disamba ta zo. Suna son bikin, gama shi ne lokacin da dangi suke haɗuwa, zumunta kuwa a ƙafa take. A lokacin ne ake sulhunta 'yan'uwan da suka yi shekara ba sa gaisawa, a yi watandar saniya, a aika wa maƙwabta Musulmi kwanon shinkafa kamar yadda su ma suke aiko da naman layya, yara su zaga gida gida suna barka da Kirsimeti. Suna kuma tsoronsa. Akwai saurayin da yake aiki a birni wanda yakan aika cewa ba a ba shi hutu ba, alhali rashin tsaraba ne ya hana shi zuwa. Akwai gidan da aka yi rashi cikin shekara, da matar da ba ta da ɗan da za ta ɗinka wa. Wasan da ya ƙare da tafi da kyautai ba shi da wurin zama domin waɗannan. Labarin da Matiyu ya rubuta kuwa yana da shi.

Abin Da Gadarif Ya Nuna

Domin a ga nauyin sashen da ake tsallakewa, yana da kyau a dubi wani gari mai nisa inda ake jin Hausa a kasuwa. Gadarif yana gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, a kan hanyar da ta nufi Galabat a iyakar Habasha. Ƙasarsa baƙar laka ce, tun shekarun 1940 ake noman dawa da riɗi da motocin noma a can, kasuwar amfanin gonarsa kuma tana cikin manya a Sudan. Hausawan da suke wurin Musulmi ne, yawancinsu zuriyar mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango, da waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Kirista 'yan kaɗan ne a cikin jama'a: mutanen Duwatsun Nuba, da na Kudu, da na Habasha da Eritiriya, da yawa cikinsu 'yan ƙwadago a manyan gonaki. Disamba lokacin girbin dawa ne, kuɗi yana yawo a gari, amma kasuwa ba ta yin ado domin Kirsimeti kamar ta Jos.

Mai ƙin cinikin Kirsimeti zai iya cewa ai waɗannan sun huta. Tarihin ƙasar bai goyi bayansa ba. Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 9 ga Yuli 2011, gwamnatin Umar al-Bashir ta cire Kirsimeti daga ranakun hutu na ƙasa. Shekara da shekaru ranar tana wucewa kamar kowace rana a ofis da kasuwa. Sai bayan faɗuwar al-Bashir a Afrilu 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta mai da 25 ga Disamba ranar hutu, ministan harkokin addini Nasreddin Mufreh kuma ya nemi gafarar Kirista a fili saboda zaluncin da aka yi musu a baya. A wannan Disamba masu bi suka fito tituna a Khartum Bahri suna waƙa. Farin cikinsu ya nuna shirun shekarun baya ciwo ne a gare su. Ko bayan haka tsoro bai ƙare ba, gama a Disamba 2022, ana saura kwanaki kaɗan bikin, aka ƙone ɗakin sujadar wata ikilisiya a Doka cikin jihar Gadarif. Saboda haka hayaniyar kasuwar Taminus a Jos ko ta Sabon Gari a Kano tana da wata fuska da ba a cika gani ba: alama ce cewa jama'a suna iya yin bikinsu a sarari. Bai kamata a rena wannan ba.

Abu na biyu da Gadarif ya nuna ya shafi shiri. Kiristan Habasha da Eritiriya 'yan Otodoks, kamar Kibɗawan Masar da Sudan, suna bikin haihuwar Ubangiji ne a 7 ga Janairu, bayan azumin kwana 43 wanda ba a cin nama ko ƙwai ko madara a cikinsa. Sukan kwana a sujada sanye da fararen tufafi, sa'an nan su koma gida su ci miyar kaza da gurasarsu ta injera tare da iyali. Su ma suna da nama da tufafi masu kyau da taron dangi. Bambancin shi ne makonnin da kasuwa take cinyewa a Kano, azumi ne yake riƙe da su a can. Ikilisiyoyin Anglikan da Katolika suna da Lahadi huɗu na jiran zuwan Ubangiji, amma sau da yawa sanarwar anko da ta gudummawa takan fi karatun ranar tsawo.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. Ikilisiyar Habasha tana keɓe kwana arba'in, daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, domin tunawa da gudun Maryamu da ɗanta zuwa Masar, Kibɗawa kuma suna bikin shigarsu Masar a 1 ga Yuni. A 4 ga Nuwamba 2020, cikin waɗannan kwanaki arba'in, yaƙi ya ɓarke a Tigray. Mutane suka fara tsallaka iyaka zuwa Sudan da ƙafa, waɗansu ta kogin Setit, da jarirai a baya, har yawansu ya kai kimanin 60,000. Aka sāke buɗe sansanin Um Rakuba kusa da Doka, wanda ya taɓa karɓar masu gudun yunwa a shekarun 1980, daga baya aka buɗe na Tunaydba. A cikin tanti suka yi Kirsimetin Janairu 2021. Yaƙin Sudan kuwa ya fara a 15 ga Afrilu 2023. Da dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disamba na wannan shekara, mako guda kafin Kirsimeti, dubban ɗaruruwan mutane, Musulmi da Kirista, suka watse, da yawa suka nufi Gadarif, aka sauke su a makarantu da gidajen dangi. Waɗansunsu gudu na biyu ke nan, domin daga Khartum suka fara tserewa. Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairu 2025, amma wannan bai goge abin da aka gani a hanya ba.

Uwar da ta goya ɗanta cikin dare ta bar gida ba kulle ba ta bukatar mai fassara mata sura ta biyu ta Matiyu. In aka nuna mata wasan da ya tsaya a kan kwalaye masu ƙyalli, za ta ga an yanke labarin daidai inda ya fara zama nata. Ba sai an je Sudan ba ma. Masu bi daga Gwoza da Michika da Mubi da suka gudu a 2014, da mutanen ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da aka kai wa hari a jajibirin Kirsimetin 2023, suna zaune a kan bencin ikilisiyoyin da ake wannan wasa.

Gyaran Da Ake Bukata

Ba a ce a daina wasan ba, ba a kuma ce a hana yara dariya. Abin da ake nema shi ne malaman makarantar Lahadi su bar labarin ya kai inda mai bishara ya kai shi. Bayan masana taurari sun fita, a rage fitila, Yusufu ya tashi Maryamu, su ɗaure ɗan abin da suke da shi su bi ta tsakiyar jama'a su fita ta ƙofar baya. A bar Hirudus ya zama abin tsoro ko da na minti biyu ne. A ba makiyaya matsayinsu, su shigo hannu wofi a karɓe su da murna, domin yaron da bai sami sabuwar riga ba ya ga wani irinsa a kusa da komin. Ikilisiyoyin da suke da 28 ga Disamba a kalandarsu, ranar tunawa da yaran Baitalami, su daina barin ta ta ɓace tsakanin ragowar shinkafa da shirin sabuwar shekara.

In wasan ya canja haka, wa'azin ma zai sami abin kamawa. Maimakon faɗa a kan zanen mata, dattawa za su iya fara gyara daga cikin gida: a daina kiran adadin baiko da sunan mai shi, a sa anko ya zama na ganin dama, a ware kaso daga watanda domin gwauraye da baƙi kafin a raba wa masu zubi. Iyaye a ƙauye su aika wa 'ya'yansu na birni cewa fuskarsu ake so, su zo ko babu tsaraba. Magidanci ya yanka abin da aljihunsa ya iya, gama kayan aro ba ya rufe katara. Zumuntar Mata, waɗanda suka fi kowa sanin gidan da ba a hura wuta ba, su ne za su iya faɗin inda kwanon farko zai tafi.

Al'adun gida na Kirsimeti, wato tafiya ƙauye da dafa shinkafa da ɗinki da aika wa maƙwabta abinci, ba su ne abokan gaba ba. Mutanen da aka hana wa hutun ranar a Sudan, da waɗanda suka yi ta a tanti a Um Rakuba, sun san darajarsu fiye da mai sukarsu daga kan bagadi. Suna lalacewa ne sa'ad da suka zama ma'aunin da ake gane mai hali da marar hali. Iyalin da ake bikin dominsu sun miƙa hadayar matalauta, sun kuma kwana a ƙasar baƙunci. Ikilisiyar da ta nuna wa 'ya'yanta wannan kowace shekara, da idonsu, ta riga ta koya musu yadda za su shiga kasuwar Disamba su fito ba bashi, da kuma wanda za su fara nema in an sauke tukunya.